Shamuwa a Kan Tsamiyar Bakin Rijiya: Damina Huɗu a Wata Gona ta Ƙasar Katagum

Wurin da abin ya faru

Gonar tana tsakanin Azare da Jama'are, a arewacin jihar Bauchi. Kadada shida ce: gero da dawa da wake a tudu, masara a gefen da ya gangara fadama. A tsakiyarta akwai gida mai ɗakuna huɗu inda mai kula da gonar yake zaune da iyalinsa. Mai gonar a cikin gari yake, yakan leƙo ran Asabar.

A tsakar gidan akwai tsohuwar tsamiya mai tsawon mita 14 ko kusa da haka, inuwarta ta kai faɗin mita 12. Rijiyar gidan tana ƙarƙashin inuwar ta gefen arewa, mita 4 daga gindin itacen. Faɗin bakinta mita 1.2, a buɗe take, gininta kuma bai ɗago daga ƙasa fiye da taƙi ɗaya ba. Gaba da ita kaɗan akwai sito mai rufin kwano, mita 8 da 5, rassan tsamiyar sun rufa a kan rabinsa. Ruwan saman wannan rufi ake tara a tankin roba mai cin lita 2,000 don sha. Ta kudu, mita 20 daga itacen, hasumiyar ƙarfe ce mai mita 6, a kanta tankin burtsatse da farantan sola huɗu masu tuƙa famfo. Ruwan burtsatsen yana da kanwa-kanwa, don haka na dabbobi ne da lambu. Kaji da zabi wajen 60 kuwa a gindin tsamiyar ake zuba musu tsaba da ruwa, tun da can ne inuwa.

Shekara da shekaru babu shamuwa a wannan tsamiya. A kan wani babban gawo da ke bakin ƙauyen suke sheƙa, kimanin mita 400 daga gonar. A cikin wani rani aka sare gawon aka yi itace da shi.

Tsuntsuwar da lokutanta

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san ganin shamuwa na nufin damina ta ƙarato, kuma a yawancin garuruwa ba a jifanta, ba a cin ta. Masana suna kiranta Ciconia abdimii. Ita ce ƙarama a danginta: tsayinta bai cika wuce santimita 75 ba, nauyinta kilo ɗaya da ɗan ɗori. Jikinta baƙi, cikinta fari, fatar fuskarta takan yi shuɗi lokacin ƙwai, da ɗan ja a gaban ido.

Idan rani ya shigo nan, tana gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda ake damina a lokacin. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu take dawowa yankinmu, kuma haihuwa ce ke kawo ta. Gyaran sheƙa ko gina sabuwa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ƙwai biyu ko uku take yi galibi. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci kwana 30 ko 31, sannan 'ya'yan su yi kwana 50 zuwa 60 a sheƙa kafin su tashi. Daga ƙwan farko zuwa tashin ɗan ƙarshe wata uku ke nan, kuma babu dabarar da za ta rage shi. A Satumba zuwa Oktoba suke taruwa su tafi.

Ba ta cin hatsi ko kaɗan. Fara da babe da tsutsa da gina su ne cimarta, ta haɗa da kwaɗi da ƙananan ƙadangaru da 'yan ɓeraye. Binciken da aka yi a kudu maso gabashin Nijar ya nuna fara ce babban abin da take rainon 'ya'yanta da shi. Tana son yin sheƙa cikin taro, kusa da mutane, kuma inda ta yi bara nan take nema bana. Wannan hali na ƙarshe shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Damina ta farko: kora

A makon ƙarshe na Afrilu suka iso. Suka yi kwana biyu suna shawagi a inda gawon yake a da, sannan suka sauka kan tsamiyar gonar. Kafin tsakiyar Mayu an ƙirga sheƙa biyar, uku daga ciki a saman rijiya da rufin sito.

Mai kula da gonar ya hango abin da zai faru da ruwa, sai ya fara kora a mako na uku na Mayu, lokacin duk sheƙun suna da ƙwai. Aka ɗaura ledoji a igiya aka rataya a rassa, aka hau da mutum-mutumi aka kafa a tsakiyar itacen. Kwana biyu tsuntsayen suna ɗari-ɗari. A na uku aka ga ɗaya tsaye a reshen da ke kafaɗar mutum-mutumin tana gyaran gashi.

Sai aka sa yara kaɗa gwangwani da jifa da ƙasa. Wata rana suka dage tun hantsi har azahar, iyayen suka kasa sauka fiye da awa biyu. A watan Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan rana shamuwa tana inuwantar da ƙwanta ne fiye da ɗumama shi. Hankaki biyu suka samu sarari suka kwashe ƙwan sheƙa ɗaya. Na wata sheƙar kuma aka yi ta kwanci a kansu har ƙarshen Yuni ba su ƙyanƙyashe ba. Waɗanda hankaka ya yi wa ɓarna ba su tafi ba: bayan mako biyu suka sake ƙwai a sheƙar, 'ya'yansu ba su tashi ba sai farkon Satumba, mako uku bayan na sauran.

An gwada ƙona tsohuwar taya a gindin itacen sau ɗaya. Hayaƙin ya babbake ganyen ƙasa, baƙin ya sauka a rufi da cikin rijiya, shamuwa kuwa tana can sama ko gezau. A nan ne wani dattijo maƙwabci ya shigo ya ce wa mai kula da gonar, "Ɗana, baƙuwar damina ce, ba a yi mata haka." Korar ta tsaya daga ranar.

Ɓarnar ta ainihi daga ƙarshen Yuni ta fara, da 'ya'yan suka yi ƙwari. Ɗan shamuwa ba ya ɓata sheƙarsa. Baya yake ja zuwa bakinta ya fesa kashin waje. Ga kuma dunƙulen ɓawon fara da suke amayarwa, ga abincin da ke suɓucewa. Da asuba idan aka jawo guga, sai a ga fari-fari yana yawo a saman ruwan, da ƙafafun fara, wani lokaci da rabin kwaɗo. Kashin tsuntsu yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa, don haka aka daina shan rijiyar da na tankin roba tun farkon Yuli. An rufe bakin rijiyar da zana, amma da ruwan sama ya jiƙa ta sai ta koma rariya, tana tace ƙazantar zuwa ciki. Har kaka daga ƙauye ake ɗebo ruwan sha a amalanke.

'Ya'ya tara suka tashi daga sheƙa huɗu. Farkon Oktoba itacen ya koma wayam, rijiyar ta washe da kanta a ido, maganar ta bi ruwa. Ba a taɓa komai ba duk ranin.

Damina ta biyu: sare rassa

Sheƙa bakwai aka fara ginawa a wannan karon. A makon farko na Mayu mai gonar ya sa aka sare manyan rassa uku da suka rufa a kan rijiya da sito. Biyu daga cikinsu suna ɗauke da sheƙu masu ƙwai. Mai saran daga sama ya kafta kai tsaye, nauyin reshe ɗaya ya yage ɓawon itacen kusan mita guda zuwa ƙasa.

An gudu ba a tsira ba. Rijiyar ta ci gaba da karɓar kashi daga rassan sama da ba a kai gare su ba. Tsuntsayen da aka raba da wurinsu kuma ba su bar gonar ba. Aure biyu suka koma kan hasumiya, suka yi sheƙa a kusurwar ƙarfen da ke tsakanin tanki da farantan sola. Aure uku suka matsa zuwa siraran rassan gabas.

Kafin ƙarshen Yuni farantan sun yi dabbare-dabbare. Tankin da yake cika cikin awa huɗu ya koma sai ya kusa bakwai. Dalili shi ne ƙwayoyin farantin sola a jere suke haɗe, idan kashi ya rufe 'yan kaɗan sai ya rage ƙarfin duk layin, wurin da ya rufe kuma ya riƙa ɗaukar zafi. Ƙirare sun sauka a kan wayoyi. Ana hawa a wanke kowane kwana biyu, kuma kowane hawa yana tayar da iyayen daga kan 'ya'yansu.

Hadari a wannan ƙasa daga gabas yake tasowa, iska tana gaba ruwa yana biye. A wani dare cikin makon farko na Yuli iskar ta sauko da sheƙa biyu daga rassan gabas. Da safe aka samu 'ya'ya biyar a ƙasa, masu kimanin mako biyu. Biyu sun mutu, uku suna numfashi, jiƙe sharkaf.

'Ya'ya uku a ƙasa

Matan gidan suka kwashe su cikin tausayi suka sa a kwali. Aka jiƙa gero aka ɗura musu, aka buɗe bakin mafi rauninsu aka zuba masa ruwa da cokali. Kafin azahar ya mutu. Ƙofar maƙogwaron numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, a buɗe, ruwan da aka ɗura kai tsaye huhu yake tafiya. Geron kuma ba abincin shamuwa ba ne, cika ciki kawai yake yi.

Da yamma wani malamin dabbobi da ya zo duba awaki ya ga biyun da suka rage, ya sauya tsarin gaba ɗaya. Da farko ɗumi: aka goge su da tsumma, aka cika kwalba da ruwan ɗumi aka naɗe ta aka ajiye a gefen kwalin, aka rufe a wuri mai duhu inda yara da kyanwa ba sa kaiwa. Ɗan tsuntsun da jikinsa ya yi sanyi ba ya narka abinci, sai ya ɗumama tukuna. Bayan awa ɗaya aka kawo fara daga gonar da ba a yi wa feshi ba, aka cire ƙafafun baya masu ƙaya, aka haɗa da ƙananan kifi da aka yayyanka kamar kan ɗan yatsa, aka tsoma cikin ruwa aka zuba a faranti a gabansu. Ba a buɗe musu baki ba. Iyayen shamuwa a tsakiyar sheƙa suke amayar da abinci 'ya'yan su tsattsaga da kansu, don haka da suka ga abu a gabansu suka kai baki. Ruwan da ke jikin abincin ya ishe su.

Washegari da sassafe aka mayar da su sama. Aka samu kwando mai faɗin santimita 60, zurfinsa 20, mai saƙa sako-sako yadda ruwa zai zube, aka cika rabinsa da ragowar sheƙar da ta faɗo. Aka ɗaure shi da igiya ta wuri huɗu a wata ƙaƙƙarfar mararrabar rassa, mita biyu ƙasa da inda sheƙar take. An hau da 'ya'yan a cikin jakar yadi, kawunansu a rufe, domin ko ɗan shamuwa ido yake nema idan ya tsorata. Aikin bai kai minti goma sha biyar ba, kowa ya bar gindin itacen. Mutanen gidan sun yi fargabar iyayen za su ƙi su saboda warin hannu. Wannan zance ba shi da tushe: wurin sheƙa da kukan 'ya'ya su ne ke jawo iyaye. Kafin hantsi babba ɗaya ta sauka bakin kwandon, ta tsaya tana kallo, sannan ta sunkuya ta zuba musu abinci. Duka biyun sun tashi a tsakiyar Agusta.

A ƙarshen wannan damina 'ya'ya takwas kaɗai suka tashi daga sheƙa bakwai, ruwan sha har yanzu daga ƙauye, famfo ya yi rabin aiki, tsamiya kuma da rauni a jiki.

Rani: aikin da aka yi daga Nuwamba zuwa Maris

Ba a fafe gora ran tafiya. Wannan karon an yi komai itacen yana fanko.

Da rijiya aka fara, a Nuwamba. Aka yashe ta har ƙasa, aka ɗaga gininta zuwa santimita 80, aka zuba daɓen siminti mita ɗaya da rabi kewaye da ita, mai gangara zuwa waje. Aka yi mata murfin kankare da ƙofar ƙarfe mai santimita 50 da 50. Abin lura a nan shi ne leɓen ƙofar: an ɗaga bakin ramin santimita 5, marfin ya kife a kansa kamar murfin tukunya, don ruwan da ya wanko kashi ya gangara gefe maimakon ya bi tsaga ya shiga. A sama aka kafa 'yar rumfar kwano biyu, guga kuma aka yi mata maratayi a ƙarƙashinta. Ruwan da ya taru zurfinsa mita 2, wato kimanin lita 2,260. Aka narka hodar kulorin mai ƙarfin kashi 70 a bokiti, giram 70 ga kowace lita 1,000, jimilla kusan giram 160, aka zuba aka bar shi ya kwana. Washegari aka yi ta kwarfewa har warin ya tafi.

Rufin sito an raba shi biyu. Gefen da ke fuskantar tsamiya aka juya indararonsa zuwa lambu, ba ya sake shiga tanki. Ɗaya gefen, mai murabba'in mita 20, aka sa masa matarar ruwan farko: jarka mai lita 50 a ƙasan bututu, da ƙwallon roba a ciki wanda yake tasowa ya toshe bakin idan ta cika, sai ruwan da ya biyo baya ya wuce tanki. Lissafin lita 2 ne ga kowane murabba'in mita na rufin da tsuntsaye ke bi. Dole a zubar da jarkar bayan kowane ruwa. Idan aka bar ta cike, ruwan farko na gaba kai tsaye tanki zai tafi. Kwano uku da kashi ya ci har suka yi tsatsa aka sauya su.

A Janairu aka gyara saran bara, aka kuma rage siraran rassan gabas da ba za su iya riƙe sheƙa ba. Sara uku ake yi wa kowane reshe: a fara ta ƙasa, santimita 30 daga jikin itacen, a shiga kashi ɗaya cikin uku, a koma sama a ɗan gaba da nan a datse reshen ya faɗi, sannan a cire kututturen dab da kumburin gindinsa ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan ɓawo yake rufe ciwon.

Sai gadajen sheƙa, guda shida. Mai walda ya lanƙwasa rodi mai milimita 10 ya yi zobe mai faɗin santimita 90, ya gitta masa sanduna shida, ya ɗora wani zoben a sama da tazarar santimita 15 ya zama baki. Aka shimfiɗa ragar waya mai manyan idanu a ƙasa. Ba a sa katako ko kwano ba: duk abin da zai riƙe ruwa a ƙarƙashin 'ya'ya a watan Agusta kashe su zai yi. Aka saƙa busassun ƙirare masu kaurin ɗan yatsa, tsawon santimita 40 zuwa 50, har suka cika rabin zurfin, aka yayyafa farar ƙasa a baki ta yi kama da tsohon kashi. Dabarar da ake yi wa babbar 'yar'uwarta mai farin jiki ce a ƙasashen Turai, don tsuntsu ya ɗauka an taɓa zama a wurin lafiya.

Huɗu aka ɗaura a tsamiyar, duk ta yamma inda jikin itacen ke tare iska, a kan rassan da kaurinsu ya kai cinyar mutum, daga mita 8 zuwa sama, tsakanin kowane biyu aƙalla mita ɗaya da rabi. An tabbatar saman kowanne a buɗe yake, domin shamuwa da fukafukai a shimfiɗe take sauka. Wayar ɗaurin an zura ta cikin guntayen tsohon tiyo don kada ta yanki ɓawo. Sauran biyun aka ɗora kan turakun ƙarfe masu mita 7 a sama, mita ɗaya da rabi a cikin kankare, kowanne da kwano mai santsi naɗe a jikinsa tsawon mita guda saboda maciji da muzuru. Ɗaya a gefen wani dogonyaro da ke bayan gida, ɗaya a fili, mita 60 daga kowane itace.

A Maris aka rufe kusurwoyin hasumiya da kwano mai gangara sosai, fiye da digiri 45, yadda duk ƙiraren da aka ajiye zai zame.

Kaji da zabi aka yi musu rumfa mai rufi mita 25 daga tsamiyar, can ake ba su tsaba da ruwa. Wannan ba don tsafta kaɗai ba ne. Tun da murar tsuntsaye ta H5N1 ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, abin da likitocin dabbobi ke nanatawa shi ne kada kaji su ci ko su sha inda tsuntsayen daji ke kashi. Gindin tsamiyar ta yamma aka kewaye shi da ƙaya, aka baza ƙaiƙayi mai kaurin yatsa huɗu.

Damina ta uku

Aure takwas suka zo. Cikin mako ɗaya an kama gadajen tsamiya huɗu, har da ɗan faɗa a kan mafi tsawonsu. Na gefen dogonyaro ma an kama shi. Na fili babu wadda ta ko sauka a kansa. Aure ɗaya suka yi kwana biyar suna kai ƙirare hasumiya. Yawanci suka zame, abin da ya maƙale kuma ana hawa kullum da yamma a cire. Tun da ba a kai ga ƙwai ba, a rana ta shida suka haƙura suka koma tsamiya. Su da wasu aure biyu suka gina nasu a rassan yamma, kusa da gadajen.

An yi hadari mai iska sau biyu, a Yuni da Yuli, babu sheƙar da ta faɗo. Daga ƙasa aka ƙirga kawunan 'ya'ya 19, kuma 16 suka tashi.

Ɗaya daga cikin ukun da aka rasa zaren buhu ne ya kashe shi. Iyayen suna kwaso leda da zaren roba su shimfiɗa a sheƙa. Zaren ya naɗe ƙafarsa, yana girma yana shiga cikin nama, ba a lura ba sai da 'yan'uwansa suka tashi ya rage shi kaɗai. Tun daga lokacin ake tsince zare da leda a masussuka da bakin sito kafin Afrilu, kuma ana duba kowace sheƙa sau ɗaya idan 'ya'yan sun kai mako biyu zuwa uku. Bayan mako biyar ba a hawa kuma, don sukan tsorata su yi tsalle alhali fiffike bai ƙosa ba.

Sauran biyun a Yuli suka mutu, a sheƙa ɗaya, kwana guda bayan an yi wa masarar fadama feshin tsutsa da safe, irin tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016. An ga shamuwa suna bin kunyoyin suna tsintar tsutsa da farar da magani ya kayar. An kira malamin dabbobi saboda tsoron mura, aka ɗauke gawarwakin da leda a hannu aka binne da zurfi, aka sa ido kan kaji mako biyu, babu wadda ta yi ko tari. Feshi na biyu da yamma aka yi shi, bayan tsuntsayen sun koma kan itace, sannan aka sa yara biyu su kore su daga wannan gona kwana biyu. A nan kora ta yi aiki sarai, domin babu abin da ya ɗaure su da wurin, ga fadama ko'ina. Ba a sake rasa ɗa ba.

Rijiya da tanki an sha su duk daminar. Tankin burtsatse ya koma cika cikin awa huɗu. Ƙaiƙayin gindin tsamiya ana yayyafa masa ruwa kafin a share, mai sharar da takunkumi a hanci, a tara a rami a rufe da ƙasa. Ɗanyensa yana ƙona shuka. Bayan wata uku ya zama takin da lambun rani ya ci.

Damina ta huɗu

A cikin rani aka tuge turken fili aka mayar da shi gefen dogonyaro, mita uku daga ɗan'uwansa. Shi aka fara kamawa a ƙarshen Afrilu. Sheƙa tara aka yi a gonar, babu ko ɗaya a hasumiya ko rufi.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Kora da sare rassa sun faɗi ne a kan abu ɗaya: an yi su bayan ƙwai. Shamuwar da ta yi tafiyar dubban kilomita ta zuba ƙwai ba gwangwani ne zai tayar da ita ba. Idan aka lalata mata su a farkon damina sakewa take yi, ko a wurin ko a mafi kusa da shi, kuma mafi kusa a gonar zamani hasumiya ce da rufi. Tazarar da ake iya juya ta 'yar kaɗan ce, daga isowarta zuwa ƙwan farko, kwana goma ko sha biyu. A cikinta ne cire ƙirare daga hasumiya ya ci nasara da ɗan ƙaramin aiki, bayan wanke faranti na wata biyu ya gaza a shekarar da ta gabata.

Cikin duk ayyukan ranin, murfin rijiya da raba rufi su ne suka warware damuwar mutanen gidan, kuma da an yi su a Mayun farko da ba a ɗebo ruwa daga ƙauye damina biyu ba, da ba a fasa ƙwai ko ɗaya ba. Gadajen sheƙa ba su rage kashi ba ko kaɗan. Abin da suka yi shi ne tara shi a gefe ɗaya inda aka shirya masa, da kuma tsare 'ya'ya daga iskar gabas. Turken fili ya gaza ne don shamuwa ba ta son kaɗaici; ƙarfe ɗaya ne, tsawo ɗaya, matsar da shi kusa da 'yan'uwa kawai aka yi.

Akwai abin da bai gyaru ba. Daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta ba a zama a inuwar tsamiyar, kuma idan aka yi kwana uku ana ruwa wari yakan kai ƙofar ɗakin yamma. Iyalin sun mayar da zaman rana da shanya zuwa rumfar bayan gida na waɗannan makonni. Gadajen ma suna son kulawa: sheƙa tana ƙara nauyi kowace shekara, don haka kowane Janairu ake hawa a rage saman tsohuwar a bar kaurin taƙi ɗaya, a sassauta ɗauri. A dubawar ƙarshe an samu waya ɗaya ta huda tiyonta ta fara nutsewa cikin ɓawo, aka sauya ta da sabuwa aka matsar da ɗaurin yatsa huɗu gaba.